Don Allah ku ba ni shawara: haƙoran yarana da maganar makilin

Admin: Saƙo ne daga wata 'yar'uwa, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigidana a nan.

Yarana uku. Babbar shekararta 7, mai bi mata namiji ne, shekara 2 da wata 4, sai ta goye wata 5. Cikin garin Gombe aka kai ni da aka yi aurenmu, can na haifi babbar. Tana da wata 8 mahaifin maigida ya kwanta ciwo, shi ne kuma babban ɗa, sai ya nemi canjin wurin aiki muka dawo garinsu a ɓangaren Kaltungo. Da farko cewa aka yi na ɗan lokaci ne. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Hajiya ta ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, ƙannensa mata duk sun yi aure, autan yana karatu a Maiduguri. Shi ke nan zama ya kama mu. Ni ma da ƙyar aka dawo da takarduna wata firamare a nan, sai da na gaji da zaman gida. Ba ƙorafi nake yi ba, Hajiya ta riƙe ni da amana, amma gida ɗaya muke, tukunya ɗaya, kuma duk abin da ya shafi yara sai ta sa baki.

Abin da ya kawo ni shi ne, babbar ta yi famfara, haƙoranta na gaba na sama biyu suka fito. Wallahi da na gan su sai da gabana ya faɗi. Fari ne amma babu sheƙi, farin alli, da layi-layi a kwance, sannan can wajen baki akwai ɗishi-ɗishin ruwan ƙasa. Na goge, na goge, ko gezau. A makaranta yara suna ce mata mai cin goro. Yarinya mai fara'a yanzu sai ta sa hannu ta rufe baki in za ta yi dariya.

Ana haka na ga wani bidiyo a TikTok, ana cewa a Amurka an hana sinadarin fulorayid saboda yana daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kuma shi ne yake ɓata haƙori. Na duba jikin makilin ɗinmu na gan shi a rubuce. Ga shi namijin nan haɗiye makilin yake yi, har ɓoyewa yake ya matsa ya lashe. Tun kafin azumi na kwashe makilin na fitar daga ɗakina, muka koma aswaki, wani lokaci gawayi da gishiri. To yanzu kuma shi namijin haƙoransa na sama sun fara yin baƙi ta jikin dasashi, in ya sha ruwan sanyi sai kuka. Hajiya ta ce tsutsa ce a kai shi wurin mai cirewa. Abbansu ya ce waya ce ta ruɗa ni. Ban san inda zan sa kaina ba. Makilin ne ya ɓata haƙoran babbar? Ya riga ya taɓa musu ƙwaƙwalwa? Me zan goge mata da shi ya fita?

Maman Ilham: Allah sarki, Allah Ya ba su lafiya. Ki gwada bawon lemon tsami da 'yar toka, ƙanwata da shi ta fitar da nata.

Ummu Sudais: Kin yi daidai 'yar'uwa. Ni shekara da shekaru ba a shigo min da makilin gida. Iyayenmu da aswaki suka tsufa da haƙoransu talatin da biyu. Duk abin da Bature ya ce ka sa a baki kullum safe da dare, ka tsaya ka yi tunani.

Anti Nas: Maman Ilham don girman Allah ki goge wannan maganar kafin wata ta ɗauka. Lemon tsami cinye fatar haƙori yake yi, kuma fatar haƙori ba ta dawowa. Baiwar Allah mai saƙo, a sashen haƙori nake aiki, kuma na zauna a Filato na ga irin wannan ba adadi. Kin ba mu labarin rasuwar surukinki da karatun autansu, amma abu ɗaya da nake nema ba ki faɗa ba. Wane ruwa kuke sha?

Mai Saƙo: Anti, ruwanmu ba shi da matsala. Burtsatse ce a ƙofar gida, marigayi Baba ne ya haƙa sadaka tun yana da rai, duk unguwa nan ake ɗiba. Garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Ko gudawa yarana ba su cika yi ba.

Anti Nas: To nan nake so mu zo. Fulorayid ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa, shi ya sa burtsatse da rijiya mai zurfi suka fi ruwan dam da ruwan sama yawansa. Kuma Kaltungo sananniya ce a kan wannan, kamar yadda aka san Langtang a Filato da yankin Bongo a arewacin Ghana. Ki leƙa bakin yaran unguwarku da aka haifa a nan, ki leƙa na ɗalibanki a aji, sai ki dawo ki faɗa min.

Abin da kika kwatanta a haƙoran babbar ya yi kama sosai da fulorosis, wato tabon haƙori da yawan fulorayid ke jawowa, duk da sai an gani da ido za a tabbatar. Ba datti ba ne balle a goge. Haƙoran dindindin tun yaro yana jariri suke ginuwa a cikin dasashi, na gaban nan a shekarun farko na rayuwa, sauran har zuwa wajen shekara 8. In fulorayid ya yi yawa a jiki a wannan lokacin, haka haƙorin zai fito da tabonsa. Ke da bakinki kika ce tana da wata 8 kuka dawo. Ki lissafa.

Ga ƙa'ida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha, ma'aunin ruwan sha na Najeriya ma a nan ya tsaya. Yanzu a ce ruwanku yana da miligiram 3 a lita, misali nake bayarwa. Yaron da ya sha lita ɗaya a yini, da kunu da koko da komai, ya sha miligiram 3. Makilin daidai ƙwayar shinkafa kuwa, ko ya haɗiye shi duka safe da dare, bai wuce miligiram 0.3 ba. Kin kori ƙarami kin bar babba a randa.

Hajiya Mai Atamfa: Ikon Allah. Ni mijina ɗan can ɓangaren ne, shi da 'yan'uwansa duk haƙoransu ja ne. Shekara ashirin ana ce min gado ne. Har gori uwar mijina ta taɓa yi min wai yarana ba su ɗauko haƙoran gidansu ba, ko daga ina na samo su. Wallahi maganar nan har yau tana ci min rai. Ashe don a Kano na haife su ne.

Uwar Biyu: Hajiya ai surukai sai haƙuri. Tawa cewa ta yi nonona ne ya ɓata wa 'yan biyu haƙori, na yaye su dole suna wata 14. Da rana kuwa ita ke cika musu ciki da alewa da lemon roba, in na yi magana a ce na raina ta.

Mai Saƙo: Anti na gode, amma ni ban yarda ruwan ba ne. Abbansu nan aka haife shi kuma haƙoransa lafiya lau. Shi kuwa makilin da idona na ga yaron yana sha. Kuma maganar Amurka fa? Su da suka ƙirƙiro abin sun hana, sai mu?

Anti Nas: Abbansu burtsatsen ya sha yana yaro? Ke kika ce Baba ne ya haƙa. Ki tambaye shi, ina kyautata zaton ruwan rafi ko wata rijiya suka tashi da shi. Babba in ya fara shan ruwan bayan haƙoransa sun gama ginuwa ba zai yi tabo ba.

Maganar Amurka kuma mai bidiyon rabi ya faɗa miki. Su can tun 1945 suka fara zuba fulorayid da hannunsu a ruwan famfo don rage ruɓewar haƙori, a garin Grand Rapids aka fara. Abin da suke zubawa yanzu miligiram 0.7 ne a lita. A 2025 jihar Yuta ta hana wannan zubawar, Fulorida ta bi baya. Ruwan famfo ake magana, ba makilin ba, makilin yana nan a kantunansu. Rahoton da hukumar gwamnatinsu ta fitar a 2024 a kan kaifin ƙwaƙwalwar yara kuwa, alaƙar da ya nuna da ruwan da ya haura miligiram 1.5 ne. Wato in ƙwaƙwalwar yaranki ce ta dame ki, to hujjar taki ma randa take nunawa. Su suna rigima a kan 0.7, ke ba ki san ko nawa ne a kofin da kike miƙa wa ɗanki ba.

Kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa makilin mai fulorayid a jerin muhimman magunguna. Ummu Sudais, aswaki sunna ne kuma yana wanke baki, ban musa ba. Amma iyayen namu ba su tashi da biskit da cingam da lemon roba a hannu tun daga goye ba.

Ummu Sudais: Anti Nas ku dai ma'aikatan asibiti abin da aka koya muku kuke maimaitawa. Yau a ce abu magani ne gobe a ce guba ne. Ke da kanki kin ce yana ɓata haƙori. Ni nawa yaran ba zan gwada a kansu ba.

Maman Aisha ta Maraɗi: Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, kuma da na ga wannan magana sai jikina ya yi sanyi. 'Yar'uwa mai saƙo, ki tambayi kowa a Maraɗi labarin yaran Tibiri. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi foraj, wato burtsatse, aka ja wa garin ruwan pampo, mutane suna murna. Shekaru ana sha. Sai yara suka fara tasowa haƙora jajaye, wasu ƙafafu a lanƙwashe, wasu kai ya yi girma, ɗaruruwa suka nakasa. An ce iska, an ce maita, an ce komai, sai daga baya aka auna ruwan aka tarar fulorayid ya ninka ƙa'ida sau uku zuwa huɗu. Ɗiyar ƙanwar babata tana cikinsu. Yanzu babbar mace ce, ba ta iya tafiya mai nisa, lakwal ma, wato makaranta, a aji uku ta tsaya saboda ciwon ƙafa. Ba tsorata ki nake ba, naku ba lalle ya kai haka ba. Amma ruwan nan ma garau yake, mu ma haka muka riƙa cewa.

Maman Ilham: Innalillahi. To ki riƙa tafasa ruwan kawai ki tace da farin ƙyalle, ai shi ke nan.

Anti Nas: A'a! Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da fulorayid. Ƙara shi ma take yi, kamar miyar da aka bari a wuta, ruwa ya tafi gishiri ya fito. Ƙyalle ba ya tare shi, ƙaramin abin tace ruwa na kanti ma yawanci ba ya yi. Abin da ke fitar da shi injin tacewa ne irin wanda ake kira RO, ko gawayin ƙashi da aka sarrafa don wannan aikin, ko haɗin alam da farar ƙasa da ma'auni, wanda ba a yinsa da ka. Mafi sauƙi a canza ruwan sha da na girkin yara. Wanka da wanki a ci gaba da burtsatse, ba ya shiga ta fata. Ruwan sama in an tara shi a tanki mai tsabta aka tafasa, fulorayid ɗinsa kaɗan ne ƙwarai.

Mai saƙo, ta goyen nono zalla take sha?

Mai Saƙo: Ina haɗa mata da madarar gwangwani saboda na koma aiki. Hajiya ke dama mata in na tafi. Amma da tafasasshen ruwa ne, a fulas nake zubawa da kaina.

Anti Nas: Ita ce ta fi ba ni tsoro a cikin ukun. Nonon uwa kusan babu fulorayid a cikinsa ko da uwar tana shan ruwan. Amma jaririyar da ake dama wa madara, abincinta gaba ɗaya ruwa ne, ga jiki ƙarami. Daga yau a nemo mata wani ruwan, ko ki riƙa tatsa kina bari. Wannan ba sai an jira gwaji ba.

Amaryar Jos: A sayi fiya wata mana, jaka nawa take.

Uwar Biyu: Wace fiya wata? In a garin ake ɗura ta ai daga burtsatse ce ita ma. Mu nan har gashi na taɓa gani a cikin leda, ga lambar hukuma rangaɗau a jiki. Kuɗinka ya tafi, ciwon ciki ya biyo baya.

Anti Nas: Uwar Biyu ta yi gaskiya a rabi. Wasu masana'antun suna da injin RO wasu ba su da shi, sai an tambaya. Shi ya sa nake cewa a gwada. Ki samu robar ruwa mai tsabta, ki ɗauraye ta da ruwan burtsatsen, ki cika ki rufe, a kai ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, a ce fulorayid ake so a auna. Lamba ɗaya za su ba ki, ita za ta raba gardamar nan.

Shi kuma namijin, abin da kika faɗa ruɓewa ce ta fara, ba tsutsa ba. Kada ki bari a kai shi wurin mai turara hayaƙi a baki. Ki kai shi asibitin haƙori yanzu da sauran gyara, akwai maganin da ake shafawa ya tsayar da ita. Ki daina gawayi da gishiri, kankare haƙori suke yi. Ki dawo da makilin, ki duba jikinsa ki ga an rubuta aƙalla 1000 ppm, wato ma'aunin yawan fulorayid ɗin da ke ciki. Ƙasa da shekara 3 shafawa kawai ake yi a burushi daidai ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6 daidai ƙwayar wake ƙarama. Ke za ki matsa, ke za ki goge masa, safe da kuma kafin barci, ya tofar in ya iya. Sai ki ɗaga makilin sama inda hannunsa ba ya kaiwa. Lasar da yake yi ce matsala, ba gogewar ba. In kin je ki faɗa wa likitan garin da kuke da ruwan da kuke sha.

Don sauran iyaye: in yaro ya samu makilin ya sha da yawa, a ba shi madara a wuce asibiti da kwalin a hannu. Ana fara fargaba sosai daga miligiram 5 na fulorayid a kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 12 ke nan wajen giram 40 na makilin manya mai 1450 ppm. Ƙasa da haka ma yana iya sa amai da ciwon ciki.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ina da tambaya. Ba a ba babbar ja-da-yalo ba lokacin fitar haƙori? Don na ji shi ma yana rina haƙori.

Anti Nas: Tambaya mai kyau Hajiya. Kafson nan tetirasaikilin ne, ba a ba yaro ƙasa da shekara 8, yana rina haƙori rawaya ko toka-toka. Zazzaɓi mai zafi a ƙuruciya ma yana barin tabo. Shi ya sa na ce a duba ta. Wani abin kuma, a Tanzaniya an gano magadi, dangin kanwa da suke sawa a girki, yana ƙara wa yara fulorosis. Mai zaune a irin garinku ta rage wa ƙananan yara kanwa da baƙin shayi, ganyen shayi ma yana ɗauke da shi.

Maman Ilham: Kai Anti, yanzu kuma har kunun kanwa? To me ya rage mu ci?

Mai Saƙo: Ja-da-yalo Hajiya ce ta taɓa fasa mata a koko da tana gudawar haƙori, kuma kowa a nan haka yake yi. Ni dai Anti kina magana kamar ban damu da yarana ba. Da ban damu ba da ban rubuto ba. Cire makilin da na yi don kare su na yi, kuma har yanzu hankalina bai kwanta da shi ba, yaron da ke hawa kujera ya ɗauko abu a kan durowa ina zan ɓoye masa? Maganar gwaji kuma ba ku san gidan ba ne. Burtsatsen nan ita ce abin da Hajiya take kallo ta ce ladan mijinta yana gudana. Kullum da asuba sai ta leƙa ta ga masu ɗiba ta yi masa addu'a. Ni surukar gida in ɗauki roba in kai gwaji, a ce na ce sadakar Baba tana nakasa yaran unguwa? Da wane bakin? Ko Abbansu ba zan iya tunkara da wannan ba.

Maman Aisha ta Maraɗi: Ki bi ta hannun maigidan, 'yar'uwa. Ko limamin unguwa. Ba yaranki kaɗai ke sha ba.

Ummu Sudais: Kada ki bari a haɗa ki da uwar mijinki a kan zato. Aure ba wasa ba ne. Ki riƙe aswaki da addu'a, ki sa musu man zaitun da habbatus sauda.

Anti Nas: Ban ce ba ki damu ba. Cewa na yi kin sa damuwar inda ba nan take ba. Kuma ba sai kin yi shela ba, roba ɗaya ce a cikin jaka ranar da za ki shiga Gombe. In ya fito ƙasa da 1.5 ni zan fara ba ki haƙuri a zauren nan. In ya haura, namijin haƙoransa na dindindin yanzu haka suke ginuwa, ta goyen ma haka. Na babbar na gaba sun riga sun fito, sai dai in ta ƙara girma a gyara mata fuskarsu a asibiti, amma waɗannan biyun yau ake yanke nasu.

Mai Saƙo: Zan ga yadda za a yi da ruwan madarar in an yi albashi. Asibitin haƙori kuma sai Abbansu ya yarda, don ya ce haƙoran nono ne za su zube. Ni abin da na tambaya tun farko shi ne abin da zan goge wa babbar, an kusa bikin ƙanwarsa, ba na so a yi ta nuna ta.

Amaryar Jos: Akwai wani garin goge haƙori da wata ke sayarwa, ki yi min magana ta akwati in ba ki lambarta.

Anti Nas: Kada ki saya. Admin a duba wannan.

Uwar Biyu: Anti Nas ni ma 'yan biyuna akwai farin layi a haƙoransu na ƙasa, kuma mu ruwan 'yan garuwa muke saya, kullum da inda suke ɗebowa. Wanne zan kai gwajin?